Zama da abokin aiki mai wulaƙanci, da yadda ake kai ƙorafi in tura ta kai bango

Shekarata kusan uku ina zama ofis ɗaya da wani bawan Allah da in na ce masa ina kwana sai dai ya ɗaga hannu, ko ɗago kai ma ba zai yi ba, in kuma fayil zai ba ni ba ya miƙo min, daga inda yake zaune zai wurgo shi kan teburina, wani lokacin har takardun ciki su watse ƙasa in durƙusa ina tsincewa a gaban mutanen da suka zo neman sa hannu. Ya girme ni, ya riga ni shiga aikin da shekaru masu yawa, amma fa ba ogana ba ne, dukkanmu ƙarƙashin mutum ɗaya muke. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce min ka yi haƙuri haka halinsa yake, ni kuma in yi ta haɗiya, in koma gida kaina na sarawa, yaro ya yi ɗan abu kaɗan in daka masa tsawa alhali ba shi ya ɓata min rai ba. Ranar da na lura ɓacin ran ofis ya fara bina har cikin ɗaki, ranar na san akwai gyara a irin haƙurin da nake yi. Haƙuri gaskiya ne kuma ibada ne, amma yin shiru har abu ya cinye ka ba shi ne haƙuri ba, shi ya sa nake son in faɗi yadda ake bin abin daki-daki, ko wani ya tsira daga abin da na sha.

Kafin komai ka fara tantance wane irin mutum kake fama da shi, don ba duka ne maganinsu ɗaya ba. Akwai wanda kawai bai iya magana ba, kowa haka yake yi wa har matarsa a waya kana ji, wannan ba kai yake nufi ba. Akwai wanda kai ɗin ya sa wa ido, ko don ka zo da takardar da ta fi tasa, ko an ba ka kujerar da ya daɗe yana hange, ko don ke mace ce kuma yana ganin bai kamata ki ba shi umarni ba. Sannan akwai wanda ya wuce rashin kunya ya shiga cuta, yana ɓoye fayil ɗinka don a ce ka yi sakaci, yana kai sunanka wajen oga da ƙarya, yana taɓa albashinka ko ƙarin girmanka. Na farkon sau da yawa kau da kai ya ishe shi. Na biyu sai an zauna. Na ukun kuwa biro da takarda ne maganinsa, kada ma ka ɓata lokacinka kana jiran ya shiryu da kansa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka yi sati guda kana kallon yadda yake yi wa sauran mutane, masinja da kilina da mai gadi da kuma waɗanda suka fi shi muƙami, in kowa yana shan irin abin da kake sha to hali ne, in kuwa kai kaɗai ne to ruwa ba ya tsami banza.

A daidai lokacin da aka yi maka abin, kada ka rama. Na san da wuya wallahi, jini yana tafasa, ga mutane suna kallo kana jin kamar in ka yi shiru an raina ka ke nan har abada. Amma ofis ba bakin kasuwa ba ne, da zarar ka ɗaga murya an daina cewa wane ya zagi wane, sai a ce wane da wane sun yi faɗa, kun zama ɗaya ke nan a idon oga kuma takardar tuhuma biyu za a buga. Magana zarar bunu ce. Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, kuma an koya mana in kana tsaye ka zauna, ka je ka yi alwala. A ofis wannan yana aiki ƙwarai, ka tashi ka fita kamar za ka banɗaki, ka sha ruwa, ka dawo bayan minti goma. In dole sai ka ce wani abu a take, to gajere da murya ƙasa-ƙasa: "Malam, na ji, amma ba sai da tsawa ba." Shi ke nan, kada ka ƙara. A guruf ɗin WhatsApp na ofis kuwa abin ya fi haɗari, don abin da ka faɗa da baki iska na iya ɗauke shi amma wanda ka rubuta an riga an yi masa sikirinshot kafin ka goge.

Sai zama da shi ku biyu, kuma wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, ni ma shi na yi ta gudu. Ka zaɓi lokacin da babu kowa, ba ranar Litinin da safe ba da kowa ke a wuya, ba kuma ƙarshen wata da albashi ya yi jinkiri ba. Ni bayan sallar azahar na tare nawa, mun fito daga masallaci yana neman takalminsa, na ɗauko na ajiye masa a gabansa, na ce Baba don Allah ina son minti biyu. Muka koma gefen wata bishiyar darbejiya da ake ajiye babura. Na ce masa, "Baba, kai babba ne a wajena kuma aikin nan a hannunku muka same shi, amma jiya da ka wurgo min fayil a gaban baƙi har takardu suka zube na ji ciwo sosai, in akwai laifin da na yi maka ka faɗa min in gyara, in babu don Allah ka riƙa miƙo min ko ka kira ni in zo in karɓa." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce shi bai ma san abin yana damuna ba. Ban yarda bai sani ba, amma ban ja ba, don ba gardama na je yi ba. Daga ranar bai sake wurgo min komai ba. Bai zama abokina ba, gaisuwar ma har na bar wajen da hannu yake amsawa, amma abin da na je nema na samu.

Ka lura da yadda maganar take. Abu ɗaya tak na ambata, da ranarsa, ban ce masa kullum haka kake ba, ban kira shi mara mutunci ba, ban tono na bara da na bara waccan ba. Na ba shi girmansa, na faɗi abin da ya yi, na faɗi abin da nake so ya riƙa yi. Mutumin da ka kira shi gefe ka rufa masa asiri ke nan, kuma yawancin mutanenmu suna jin nauyin wannan ko ba su nuna ba. In mace ce ke kuma namiji ne, ba sai kin keɓe da shi ba, ki yi maganar a inda ake hango ku amma ba a jin ku, ko ki tafi da wata babbar mace da kuke aiki tare.

In zaman bai yi ba, ko kuma mutumin ya fi ƙarfin ka tunkare shi, sai ka nemi wanda yake jin nauyinsa. Kowane wajen aiki akwai irin wannan mutum, wani dattijo da ya kusa ritaya, ko limamin masallacin ma'aikata, ko wata Hajiya da kowa ke kira Mama. Mutum ɗaya fa, ba biyar ba. Akwai bambanci tsakanin kai kuka da yaɗa magana, in ka bi tebur-tebur kana ba da labari to gulma ce ka fara, kuma labarin zai koma kunnensa da ƙari, gobe kai za a kira mai haɗa husuma.

Tun daga wannan lokacin, kai tun kafin nan ma, ka sayi ɗan littafi na aljihu ka riƙa rubutawa. Kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, me ya ce da kalmominsa yadda ya faɗa, su wa ke wajen. Ka rubuta a ranar kafin ka kwanta don bayan wata biyu ba za ka tuna ko Talata ce ko Laraba ba, kuma wannan ɗan ruɗewar shi ake kamawa a ce ƙarya kake. Saƙon tes da na WhatsApp da imel kada ka goge, ka tura kwafi wani waje da ba wayar ofis ko kwamfutar ofis ba. In oga ko abokin aiki ya ba ka umarni da baki a kan abin da kake jin zai iya juyewa a kanka, ka tura masa ɗan saƙo cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce ɗazu, zan yi kaza da kaza." Ka mayar da maganar baki rubutu ke nan ba tare da ka ɓata wa kowa ba. Amma a kula, kada neman hujja ya sa ka kwashi fayil ɗin gwamnati ko na kamfani ka tafi da shi gida, a dokokin aikin gwamnatin tarayya fitar da takardun ofis ba izini laifi ne mai zaman kansa, sai ka je kai ƙara ka dawo kai ne abin tuhuma. Ɗaukar muryar mutum a ɓoye ma ni ba na ba da shawararsa, ko ka yi nasara da shi babu wanda zai ƙara sakin jiki da kai a wajen.

To yanzu rubuta ƙorafin kansa. Nan ne mutane da yawa masu gaskiya suke faɗuwa, don suna rubutawa da zafin zuciya, shafi huɗu, rabi duk wane azzalumi ne wane ba ya tsoron Allah. Wanda zai karanta yana da fayil talatin a gabansa, shafi ɗaya yake so. Ka sa kwanan wata, sunanka da lambar aikinka da sashenka, wanda kake rubuta wa, sai kan magana a layi ɗaya. Daga nan ka jero abin da ya faru, uku ko huɗu mafiya nauyi daga littafinka, kowanne da ranarsa da shaidunsa. Ka faɗi matakin da ka riga ka ɗauka, cewa ka same shi ranar kaza kun yi magana, wane ma ya sa baki. Ka nuna yadda abin ke taɓa aikin, misali fayil ɗin da ya kamata ya fita a kwana biyu ya yi sati uku a durowarsa, don oga ya fi saurin motsawa in ya ga aiki ne ke lalacewa. A ƙarshe ka faɗi abin da kake roƙo a fili, a kira ku a sasanta, ko a raba muku ofis, ko a canza maka sashe. Kada ka rubuta a kore shi, ba hurumin ka ba ne kuma zai sa a ga kamar gaba ce ta kawo ka. In ka gama ka ajiye ta kwana ɗaya, ka sake karantawa da safe, duk kalmar da ka san ba za ka iya maimaitawa a gabansa da gaban kwamiti ba ka cire ta. Ka sa sunanka ka sa hannu, takarda marar suna yawanci kwandon shara take ƙarewa.

Kwafi biyu za ka yi, wannan kada ka manta. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka sitamfi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa ka riƙe abinka. Na ga wanda ya kai ƙorafi har sau uku ana ce masa ba a gani ba, ba shi da abin nunawa. Kuma ka bi tsani, a aikin gwamnati takarda ta hannun shugaban sashenka take bi kafin ta hau sama, in ka tsallake shi ka kai wa darakta ko babban sakatare kai tsaye, abu na farko da za a tambaye ka shi ne me ya sa ba ka bi ta hanya ba, sai maganar ta koma kan tsallaken da ka yi a manta da abin da aka yi maka. A kamfani ko makaranta mai zaman kanta ko asibiti, ka duba takardar ɗaukarka aiki da ɗan littafin ƙa'idojin ma'aikata in akwai, galibi an rubuta wa ake kai wa, ko sashen kula da ma'aikata ko mai wajen. Kuma ka sani abin da kake kuka a kai ba son ranka ba ne kawai, a cikin dokokin aikin gwamnatin tarayya zagi da ashar, da cin zarafi, da jan ƙafa da gangan a kan takardun aiki duk an lissafa su cikin rashin ɗa'a, ɓoye fayil da neman mace da lalata kuwa suna cikin manyan laifuka da kan iya kai mutum ga kora.

In ogan ne da kansa matsalar, nan abin ya fi tsauri, ba zan ɓoye maka ba. Duk da haka takardar ta hannunsa za ta bi a ƙa'ida, amma kana iya aika kwafi kai tsaye ga na sama da shi ka rubuta a jiki cewa ka yi hakan, yadda ba zai iya danne ta ba. Kafin ka kai nan ka tabbatar naka aikin tsaf yake, kana zuwa a kan lokaci, kana sa hannu a rajista, babu fayil da ke kwana a wajenka, domin ranar da ka kai ƙarar oga ranar za a fara duba makararka ta shekara biyu da ta wuce. Ka kuma shiga ƙungiyar ma'aikata ta wajenku da gaske, ba wai a riƙa cire maka kuɗin yuniyon a albashi kawai alhali ko shugabanta ba ka sani ba. Malaman makaranta suna da NUT, ma'aikatan ƙananan hukumomi suna da NULGE, ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu, kuma zuwa gaban kwamiti da wakilin ƙungiya a gefenka daban yake da zuwa kai kaɗai.

'Yan uwa mata, in abin ya shafi taɓa jiki, ko maganar banza, ko a ce sai kin ba da kai za a sa miki hannu a takardar ƙarin girma, to duk wancan zancen a same shi gefe a ba shi girma bai shafe ki ba. Kada ki zauna sasanci da shi ke kaɗai. Ki ajiye saƙonninsa, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi a ranar da abin ya faru, a gida ma ki samu wanda za ki faɗa wa, ki rubuta ki kai sama. Na san tsoron da ake ji, kada a ce ke kika ja, kada maigida ya ce ki bar aikin gaba ɗaya, kuma wannan tsoron shi masu yin abin suka dogara da shi. Najeriya ta sa hannu ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, wadda ke magana a kan cin zarafi da tsangwama a wajen aiki, kuma kotun ma'aikata tana sauraron irin wannan ƙara. Duka ko barazana ga rai kuwa, namiji ko mace, wannan maganar 'yan sanda ce ba ta kwamitin ofis kaɗai ba.

In cikin gida ya gagara akwai waje. Hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, tana da ofis a jihohi, kyauta take karɓar ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, sai dai tana son ka fara bin hanyoyin cikin gida tukuna, kuma kada ka bari abin ya wuce wata 12 kafin ka kai. Akwai ofisoshin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jihohi da ke shiga tsakanin ma'aikaci da mai aiki. Sai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki da ɗaukar aiki, tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu garuruwan. Kotu tana cin lokaci tana cin kuɗin lauya, don haka ba wajen kai ƙarar wanda bai amsa gaisuwa ba ne, wajen wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba ne ko aka riƙe masa haƙƙinsa. Abin da ba na so ka yi shi ne hawa Facebook ko TikTok ka kama suna ka zazzage, za ka samu masu tausaya maka na kwana biyu, bayan nan kai kaɗai za ka fuskanci ƙarar ɓata suna, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan kama mutane da ita a kan rubutu.

Wata rana kuma kai za a kai ƙara, don zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma mai yiwuwa akwai wanda yake ganin kai ne mai wurgo fayil ɗin. In aka ba ka takardar tuhuma, wadda muke cewa kwiri, ka karɓa ka sa hannu, ƙin karɓa wani laifin ne a kan laifi. Ka duba awa nawa aka ba ka, a jiki ake rubutawa, ka amsa kafin lokacin ya cika. Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai ɗaya bayan ɗaya, inda ka yi kuskure ka ce ka yi ka nemi afuwa, inda ba ka yi ba ka kawo hujja, kada ka mayar da amsar wajen tona asirin wasu. Ita ma a buga maka sitamfi a kwafinka.

Wani wajen kuma ba ya gyaruwa, musamman inda mai cutar ɗan uwan mai kamfanin ne ko shi ne mai wajen. In ka kai nan ka fara neman wani aikin a hankali tun kana ciki, kada ka yi zuciya ka ajiye a rana ɗaya ga iyali ga haya. In za ka tafi ka ba da sanarwa a rubuce yadda takardar ɗaukarka aiki ta ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda ta fi shafar leburori da akawu da ƙananan ma'aikata, ta sa mafi ƙarancin sanarwa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, sati ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, sati biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata guda ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Ka miƙa duk kayan ofis da makullai a rubuce wanda ya karɓa ya sa hannu, ka lissafa albashi da alawus ɗin da kake bi, ka tabbatar kuɗin fanshonka da aka cire an zuba a asusunka, ka kuma nemi takardar shaidar ka yi aiki a wajen tun kafin ranar ƙarshe, don in ka riga ka fita daga get sai ka yi ta sintiri a kanta wata da watanni.